Yaro a kan na'urar numfashi: Yadda kwanciya da shimfiɗa ke ceton huhu da fata

Da tsakar dare, lokacin da yawancin sassan asibiti suka yi tsit, akwai ɗaki guda da aiki ba ya tsayawa a cikinsa. Shi ne sashen kulawa ta musamman, wanda jama'a suka laƙaba wa suna ɗakin gobe da nisa. A irin wannan lokaci ma'aikatan jinya biyu ko uku kan kewaye gadon yaron da na'ura ke hura wa iska. Ɗaya takan tsaya ta wajen kansa, hannunta guda riƙe da bututun da ya shiga bakinsa, ɗayan kuma a ƙarƙashin ƙeyarsa. Sauran su kama zanin da yake kwance a kai. Sai ta ba da umarni, su juya shi a tare, kai da kafaɗa da ƙugu duk lokaci guda. Daga nan a tokare bayansa da naɗaɗɗen tawul, a raba gwiwoyinsa da ƙaramin matashi, a miƙe duk wata tattara da ke jikin zanin, a duba lambar da ke jikin bututun a tabbatar bai gusa ba.

Aikin ba ya wuce 'yan mintuna, kuma bayan sa'o'i kaɗan za a maimaita shi. Iyayen da ke zaune a baranda ba kasafai suke ba shi muhimmanci ba, domin hankalinsu na kan na'urar da lambobin da ke yawo a allonta. Sai dai binciken likitoci na shekaru da dama ya nuna cewa yadda yaron yake kwance, da abin da yake kwance a kai, suna daga cikin abubuwan da ke tantance ko zai sauka daga kan na'urar da wuri, ko kuwa zai kamu da sabon ciwon da bai zo da shi daga gida ba.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1952 annobar shan inna ta ɓarke a birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak. Yara da dama sun isa asibitin Blegdam tsokokin numfashinsu sun shanye, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na masu irin wannan larura suna mutuwa. A watan Agusta na shekarar wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya gwada wata dabara a kan yarinya 'yar shekara 12. Aka huda maƙogwaronta, aka sanya bututu, aka riƙa matsa jakar roba da hannu ana tura mata iska. Yarinyar ta rayu. Nan da nan aka tattaro ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakunkunan, har mace-macen suka ragu zuwa kusan kashi 40.

Tun a wancan lokaci likitocin sun lura cewa tura iska kaɗai bai wadatar ba. Dole ne a riƙa zuƙe majina, a kuma riƙa sauya wa majinyaci kwanciya domin abin da ya taru a huhu ya gangaro. Daga wannan annoba aka samu sashen kulawa ta musamman na farko a 1953, sannan a 1955 aka buɗe irinsa na yara zalla a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin. Ke nan aikin hannun ma'aikacin jinya ya girmi na'urorin zamani a wannan fage.

Wuya da bututu

Lafiyayyen yaro ba ya kwana a wuri ɗaya, kamar yadda duk uwar da ta raba gado da ɗanta ta sani. Yakan yi juyi sau da yawa cikin dare ba tare da ya farka ba. Yaron da ke kan na'urar numfashi kuwa an ba shi maganin barci da na kashe zafi, wani lokaci har da wanda ke hana tsokoki motsi baki ɗaya. Duk inda aka ajiye shi, nan za a dawo a same shi. Juyin da jikinsa ya saba yi da kansa ya koma wuyan masu jinyarsa.

Hatsari na farko yana wuya. Tsawon hanyar iskar babban mutum daga maƙogwaro zuwa inda ta rabu biyu yakan kai santimita 10 zuwa 12, amma ta jariri sabuwar haihuwa ba ta wuce kimanin santimita 4. Bakin bututun yana zaune ne a tsakiyar wannan ɗan taƙi. Idan kan yaron ya sunkuya, haɓa ta nufi ƙirji, bututun yakan ƙara nutsewa, har ya faɗa reshen huhun dama, ya bar na hagu babu iska. Idan kuma kan ya ɗage baya da yawa, bututun yakan yi sama, yana iya ficewa gaba ɗaya. Gusawar santimita ɗaya ko biyu, wadda babba zai jure, tana iya jefa jariri cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai.

Ƙirar kan jariri ma na ƙara wa lamarin wuya. Kansa babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, ƙeyarsa kuma ta fito sosai. In aka kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa, ƙeyar takan tura kan gaba, wuyan ya lanƙwashe. Saboda haka ba a sanya wa jariri matashi a ƙarƙashin kai yadda ake yi wa manya. Ɗan naɗaɗɗen tawul ake sa masa a ƙarƙashin kafaɗu domin wuyan ya daidaita. Haka nan ana tallafe dogayen bututan da suka taso daga na'urar, don kada nauyinsu ya riƙa jan bakin yaron ko hancinsa.

Ɗaga kan gado

Hatsari na biyu shi ne ciwon namoniya da ake ɗauka a kan na'urar kanta. Bututun numfashi yana hana maƙogwaro rufewa yadda ya saba, yana kuma hana tari. Yawancin waɗannan yara ta wani siririn bututu da ya bi hanci zuwa ciki ake ciyar da su. Idan yaro na kwance shamɓal, madara da ruwan ciki kan yi sama kamar tumbiɗi, su haɗu da yawu mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, su silale ta gefen bututun zuwa huhu.

A 1999 wasu likitoci a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan manya 86 da ke kan na'ura. Cikin waɗanda aka kwantar shamɓal, kashi 23 cikin 100 sun kamu da namoniyar da gwajin ƙwayoyin cuta ya tabbatar, a yayin da kashi 5 kacal suka kamu cikin waɗanda aka kishingiɗar. Bambancin ya yi yawan da ya sa aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Tun daga nan ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45 ya zama ƙa'ida a sassan kulawa ta musamman. Ga jarirai akan rage shi zuwa tsakanin digiri 15 da 30, kuma akan karkata gadon ne gaba ɗaya maimakon a lanƙwasa jaririn a ƙugu, domin matse cikinsa na hana huhunsa buɗewa.

Wannan dabara ma da nata cikas. Yaron da aka kishingiɗar yakan riƙa zamewa ƙasa sannu a hankali. Fatar bayansa ta maƙale a zani, ƙashinsa kuma yana gangarawa, sai ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakani su miƙe su tsinke. Maganin abin shi ne a ɗan tokare ƙarƙashin cinyoyi, in kuma za a mayar da shi sama a ɗaga shi da zani, kada a ja shi.

Akwai kuma larurorin da ke da tasu kwanciyar. Yaron da ya bugu a kai, ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, akan ɗaga kansa digiri 30, fuskarsa na kallon gaba sosai, domin murɗe wuya na tare jinin da ke saukowa daga kai. Asibitoci da yawa na yin irin haka ga bakwaini a kwanaki ukun farko na rayuwarsa, lokacin da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suka fi saurin fashewa.

Rub da ciki

Babu kwanciyar da ke tayar wa iyaye hankali kamar su tarar an kife ɗansu rub da ciki alhali bututu na bakinsa. Amma akwai hikima a ciki. Mafi yawan naman huhu yana ta ɓangaren baya ne. Idan mutum ya daɗe a rigingine, nauyin zuciya da na kayan ciki da ruwan da cuta ta tara duk sukan danne wannan ɓangare, ƙananan jakunkunan iska su manne, jini ya riƙa ratsa su ba tare da ya ɗauki iskar oksijin ba. Da zarar an kifar da shi, nauyin ya koma kan ƙashin ƙirji, bayan huhun ya samu sarari.

A 2013 wani babban bincike da Farfesa Claude Guérin na birnin Lyon a Faransa ya jagoranta ya tabbatar da amfanin dabarar ga manya 466 masu matsanancin ciwon huhu. Cikin waɗanda aka riƙa kifarwa na aƙalla sa'o'i 16 a jere, kashi 16 cikin 100 ne suka rasu cikin kwana 28, a yayin da kusan kashi 33 suka rasu cikin waɗanda aka bari a rigingine. Wannan sakamako ne ya sa a lokacin annobar korona a 2020 duniya ta riƙa ganin hotunan majinyata a kife.

Ga yara kuwa labarin ya ɗan bambanta. Tun a 2005 wata ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya a Amurka, Martha Curley, ta jagoranci gwaji a kan yara 102, inda aka riƙa kifar da rabinsu na sa'o'i 20 a kullum. Iskar jininsu ta inganta, amma ba su riga sauran sauka daga kan na'ura ba, aka kuma tsayar da gwajin. Saboda haka taron masana ciwon huhun yara na 2015 bai amince a mayar da kifarwa ƙa'ida ga kowane yaro ba, sai dai ya bar ƙofa a buɗe ga waɗanda ciwonsu ya tsananta. Darasin a nan shi ne ba duk abin da ya yi wa babba amfani ba ne za a ɗora wa yaro kai tsaye.

Kifar da yaro aiki ne na taron dangi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akan tallafe ƙirji da ƙugu a bar ciki ya samu sarari, a juya fuska gefe ana sauyawa lokaci zuwa lokaci, a kare idanu da man shafawa na asibiti don kada su bushe ko a danne su. Ya zama wajibi a ja kunnen iyaye cewa wannan dabara ta asibiti ce, inda na'urori ke lura da kowane bugun zuciya. A gida, jaririn da bai kai shekara ɗaya ba a rigingine ake kwantar da shi barci. Kifar da shi na ƙara hatsarin mutuwar fuju'a cikin barci, abin da ya sa Amurka ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a kan haka a 1994.

Gyambon da ba a zo da shi ba

Hatsari na uku shi ne gyambon kwanciya. Duk inda ƙashi ya danne fata a kan katifa na tsawon lokaci, jini yakan daina isa wurin, naman ya soma mutuwa, sau da yawa daga ciki kafin a gani a waje. Al'adar juya majinyaci duk bayan sa'o'i biyu ta yi ƙarfi ne daga aikin Dokta Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, a zamanin da gyambo da ciwon mafitsara ke kashe yawancin sojojin da suka shanye. A yau akan daidaita tazarar da halin kowane yaro. Wanda jininsa ke faɗuwa da an motsa shi, akan ɗan gusa kansa da gaɓoɓinsa kaɗan-kaɗan har ya samu ƙarfin jure cikakken juyi.

Mutane da yawa sun ɗauka gyambon kwanciya ciwon tsofaffi ne. Wani binciken da Curley da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya ƙaryata haka. Cikin yara 322 da aka bibiya a sassan kulawa ta musamman uku, kashi 27 cikin 100 sun samu rauni a fata saboda dannewa, da yawa kuma tun a kwanakin farko. Wurin da abin ke kamawa ma daban ne. A jikin babba ƙarshen gadon baya da diddige ne kan gaba, amma a jikin ƙaramin yaro ƙeya da kunnuwa ne, saboda a nan nauyinsa ya fi sauka. Raunin ƙeya in ya yi zurfi yakan bar tabon da gashi ba zai sake fitowa a kai ba har abada.

Kayan aikin asibiti su ma suna da nasu kason. Bututun da ke danne kusurwar leɓe ko gefen hanci, da ɗan maƙalin auna iskar jini da ke yatsa, da igiyar ƙarin ruwa da aka manta a ƙarƙashin baya, da filastar da aka ɗaure tamau, kowannensu na iya cin fata. Saboda haka akan sauya wa maƙalin yatsa duk bayan 'yan sa'o'i, a kuma laluba ƙarƙashin yaro bayan kowane juyi. Ma'aunin tantance hatsarin gyambo ga yara, wanda aka fi sani da Braden Q tun 1996, an sabunta shi a 2018 domin ya ƙunshi irin waɗannan kayayyaki.

Akwai wani ɓangare da ya shafi yaran Afirka kai tsaye. Littattafan koyarwa da yawa sun bayyana alamar farko ta gyambo da jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A baƙar fata wannan ja ba ya fitowa sosai, shi ya sa sau da yawa ba a ankara sai fata ta buɗe. Abin da ake nema a nan shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yake sheƙi, ko ya fi sauran jiki zafi ko sanyi, ko ya yi tauri ko kumburi. Ido kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da tafin hannu da haske mai kyau, kuma sai an buɗa gashin ƙeya an duba.

Abin shimfiɗawa da abin gujewa

Katifar asibiti an ƙera ta ne da nauyin babba. Jariri mai kilo uku ko huɗu ba ya iya lotsa ta, don haka a wurinsa ba ta da maraba da katako. Katifar iska mai hurawa da sacewa da lantarki ita ma ta manya ce, ƙaramin yaro na iya faɗawa tsakanin layukanta, kuma da an ɗauke wuta ta sace ta bar majinyaci a kan ƙarfen gado. Abin da ya fi dacewa da yara shi ne soso na musamman mai bin siffar jiki, da matasai masu ruwan kauri da ake sa wa a ƙarƙashin kai.

Inda babu waɗannan, tawul mai laushi da zanin auduga sukan yi aiki matuƙar an san yadda za a sarrafa su. Akan karkata yaro kimanin digiri 30 maimakon a ɗora shi sosai a kan kwankwaso. Akan sa tallafi a ƙarƙashin sha-raɓa domin diddige ya rataya bai taɓa komai ba. Akan tokare tafin ƙafa don kada ya zube ya sandare, a naɗa ɗan ƙyalle a tafin hannu, masu gashin ƙashi kuma su riƙa motsa gaɓoɓi kullum. Jarirai akan kewaye su da naɗaɗɗen zani kamar sheƙa, hannaye da ƙafafu a tattare zuwa tsakiya, kwatankwacin zamansu a mahaifa.

Wasu dabarun kuwa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Naɗa ƙyalle kamar gammo a ɗora kan yaro a kai na kama da hikima, amma gammon yana tattara nauyi ne a da'ira ya tare jini daga tsakiyar. Safar hannu da aka cika da ruwa aka sa a ƙarƙashin diddige ita ma ƙa'idojin duniya na kula da gyambo sun hana ta. Haka nan murza wurin da ya soma sauya launi na ƙara lalata naman da ya riga ya raunana. Ledar da ake shimfiɗawa don kare katifa, a yanayin zafi irin na Najeriya, takan tara gumi da fitsari ta jiƙa fata har ta yi laushi, saboda haka dole a rufe ta da busasshen zani a kuma sauya shi da zarar ya jiƙe. Tara zannuwa da yawa a kan katifa mai kyau shi ma yana kashe amfaninta.

Na'ura da hannayen da ke bayanta

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi buƙatar wannan ilimi. Alƙaluman Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a ƙasar a 2018, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da cutar sarƙewar haƙora, da mashaƙon da ya addabi Kano da wasu jihohi a 2023, waɗanda duk suna iya kai yaro ga buƙatar na'ura. Da yawa daga cikin yaran kuma sukan isa asibiti a rame saboda tamowa, babu kitsen da zai shiga tsakanin ƙashi da katifa.

Lokacin korona hankalin hukumomi da jaridu ya tafi ga ƙidayar na'urori, har Amurka ta ba Najeriya gudummawar guda 200 a watan Agustan 2020. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne mutanen da za su tsaya a gefen gadon. A watan Fabrairun 2024 magatakardar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A ƙasashen da suka ci gaba, ƙa'idar ita ce ma'aikacin jinya ɗaya ga yaro ɗaya da ke kan na'ura. Inda mutum guda ke riƙe da gadaje da yawa cikin dare, juyin da ke buƙatar hannaye huɗu ko shida shi ne abu na farko da zai sha kashi, kuma babu ƙararrawar da za ta yi kuka don an tsallake shi.

Gyaran bai fi ƙarfin asibitocin ƙasar ba. Takardar da ke rataye a gado mai nuna lokacin juyi da ɓangaren da aka juya, da alamar da aka zana a bango mai nuna digiri 30, da duba fata daga kai zuwa diddige a kowace sauyin aiki, da sanya katifun yara a cikin kasafin da ake sayo na'urori da shi, duk ba su kai kuɗin na'ura guda ba.

Iyaye ma suna da rawar takawa. Bai halatta su juya yaron da kansu ba, ko su cusa masa matashi daga gida, ko su shafa masa wani mai ba da izini ba. Amma suna da haƙƙin tambaya cikin ladabi yaushe aka juya shi, ko an duba ƙeyarsa da bayan kunnuwansa, da kuma dalilin kwanciyar da suka same shi a ciki. Uwar da ta saba yi wa ɗanta wanka ta fi kowa sanin asalin launin fatarsa, kuma sau da yawa ita ce za ta fara lura da wurin da ya sauya. Idan ta gani, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya nan take, kada ta jira zagayen likita na safe.